Furen Malam Sidi

Wani mai lambu ne a bakin fadamar garinmu, Nomau, mutumin da ko gaisuwa ba ya tsawaitawa in yana ban ruwa. Maƙwabcinsa Malam Sidi ya yi ritaya ya dawo daga birni da wata ciyawa a cikin gwangwani, mai ƙananan ganye da fure shuɗi-shuɗi, wai ita ake yayi a gidajen manya. Ya dasa ta a gindin shinge yana ta lallaɓa ta. Ashe jaraba ce. Kafin damina ta fita ta yi yaɗo ta ƙarƙashin shingen, ta shige lambun Nomau, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa. Ta shaƙe latas, ta kwanta a kan albasa. Nomau ya tuge, ya ƙone, har ciwon baya ya kama shi, bayan kwana biyu sai ga ta ta leƙo tana sheƙi. Ya tsinko ya miƙa wa jakinsa, jakin ya shinshina ya kau da kai. Da abin ya ishe shi sai ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya zube damin ciyawar a gabansa.

Mai unguwa ya dubi Malam Sidi ya ce, "Malam, taka ce wannan?"

Malam Sidi ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, tawa tana gidana. Ni ban aike ta ba, ban raka ta ba. Abin da ya tsallake shinge da kansa ai ya zama na mai lambu. Shi ya san yadda zai yi da kayansa."

Nomau ya ɗago kai a hankali. "Kowane ne, Malam?"

"Kowane ne! A gaban jama'a na faɗa, kuma ba na janyewa."

Mai unguwa ya ce, "To Nomau, ka ji. Kana da ta cewa?"

Nomau ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, fuskar nan fal annuri.

"Babu, ranka ya daɗe, sai godiya. A yi mini izini in je in nemo mahauci, don tun da safe ragon layyarsa yake cikin lambuna."