Askin da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Hular Baba

Ko da duk abin da aka yi a bikin autarmu Zainab zai ɓace mini, ba zan taɓa mantawa da askin da na yi wa mahaifina da safiyar ɗaurin auren ba. Har yau idan 'yan gidanmu suka taru aka rasa abin dariya, ni ake ɗaukowa. Ba na jin haushi kuwa, don a cikin duk abin kunyar da na taɓa tafkawa, wannan kaɗai nake ba da labarinsa ina ɗaga kafaɗa.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsafta, mai son a gan shi tsaf. Wata biyar kafin bikin, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta yi nauyi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti aka dawo da shi gidanmu na Nassarawa, ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Abokansa su zo dubiya, ya ce a ce musu yana barci. Madubin da ke jikin durowarsa ma sawa ya yi aka rufe da zani. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi a masallaci, sai ga shi ko barandar gidansa ba ya leƙawa. Wannan ya fi ciwon kansa ci mana rai.

Ni ne babban ɗa, don haka kullum da sassafe nake tahowa daga Hotoro in yi masa wanka, in sa masa kaya, sannan in wuce aiki. A kan idona sumarsa ta taru, fara fat, ta yi cunkus. Yana da wanzaminsa, Malam Sale, da ke zuwa daga Gama duk bayan mako biyu tun ina firamare, amma Baba ya ce ba zai gan shi a haka ba. Likita kuma ya hana a sa masa aska saboda maganin tsinka jinin da yake sha, wai ɗan yanka kaɗan sai jini ya ƙi tsayawa. Injin aski kuwa ƙararsa ciwon kai take tayar masa.

Ana jibi ɗaurin aure Zainab ta shiga ɗakinsa ta durƙusa tana hawaye.

"Baba, ni ba na son komai. Ka dai fito ka zauna cikin mutane, ko minti goma ne, a ce kana wurin."

Ya dube ta. Can ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna sumarsa, ya ce a hankali, "A haka?"

Ban san lokacin da bakina ya riga ni ba. "Baba, ni zan yi maka. Da almakashi, ba aska ba inji."

(A nan ya kamata in faɗa muku cewa ni safiyo ne, awon filaye ne sana'ata. Na ɗauka mutumin da ya shekara goma sha biyar yana fitar da layi a miƙe cikin daji, kan mutum ɗaya ba zai gagare shi ba.)

Na sayo sabon almakashi da mataji, na zauna na kalli bidiyon koyon aski a waya har guda huɗu. Duk waɗanda ake yi wa askin masu laushin gashi ne, irin wanda idan an taje shi yake kwanciya inda aka ajiye shi. Ban tsaya na yi tunanin namu ba haka yake ba. Har matata na tare na yi wa bayanin yadda ake kama gashi tsakanin yatsu biyu a datse abin da ya leƙo. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah Ya ba da sa'a." Yadda ta faɗe shi bai yi mini daɗi ba.

Ranar Asabar wajen ƙarfe takwas na zaunar da Baba a kan kujera, na yafa masa tawul. Gida ya cika da 'yan biki, ana ta ɗora tukwane a baya, masu kafa rumfa suna ta buge-buge a harabar gida. Na tura ƙofa, na yi bisimilla, na fesa wa sumar ruwa kamar yadda na gani a waya. Na sa mataji a tsakiyar kai na ja gashin sama, ya miƙe zar, na datse rabi. Ina sakinsa ya koma ya naɗe, sai ga fatar kai tana kallona, wuri kamar faɗin kwabo.

Na ce a raina ba komai, sai in rage na kewaye su zo daidai da shi. Na rage na kewaye, suka fi shi zurfi. Na koma na farkon don ya kamo su. Haka na yi ta bin kan nan ina gyara gyaran da na yi, zufa tana ɗiga daga haɓata. Bayan rabin awa na ja da baya na duba. Gefen hagu ya yi hawa-hawa kamar matattakalar bene. Tsakiya ramuka uku ne, ɗaya ya fi ɗaya girma. Can gaba kuwa ga wani tsiri da na ji tsoron taɓawa, ya tsaya shi kaɗai yana kallon sama. Da yake gashin fari ne fatar kuma baƙa, ko daga bakin titi za ka iya ƙirga kuskurena.

"Yaya?" in ji Baba.

Nan ne inda na fi jin kunya idan na tuna. Na san ba zai kalli madubi ba. Na san kuma idan na faɗi gaskiya, ya fasa fita ke nan, Zainab ta yi kukan banza. Sai na ce, "Ya yi kyau sosai, Baba. Saura gefe-gefe."

Dabara ta faɗo mini. Na buɗe durowa na zaɓo hular da ta fi kowacce zurfi, wata zanna ruwan toka, na kifa masa har kusa da gira. Sannan na bi bakin hular da almakashi a hankali, ina daidaita abin da ya leƙo ta ƙeya da wajen kunnuwa. Wannan kam na iya, don an ba ni iyaka. Na cire hular na wanke masa kai da hannuna, na tsane, na yi maza na mayar da ita. Da na sa masa farar shadda, Hajiya, mahaifiyarmu, ta leƙo ta riƙe baki.

"Masha Allah! Alhaji, ai sai a rasa wane ne angon."

Baba ya ɗan sunkuyar da kai, na ga alamar daɗi a fuskarsa. Ni kuwa lissafina a shirye yake: ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, Baffanmu ne waliyyi kamar yadda aka saba, Baba zama kawai zai yi. Minti goma, a shafa fatiha, in mayar da shi ɗaki. Babban mutum kamarsa wa zai ga ya cire hula a cikin taro?

Na riƙo shi muka fito, yana jan ƙafa, sanda a hannun hagu. Mutanen rumfa suka mimmiƙe. Wanda ya fara isowa shi ne Alhaji Garba na Giginyu, abokinsa tun suna makaranta, mutumin da bakinsa ba ya shiru kuma ba ya raga wa Baba ko a gaban wa. Ya rungume shi ya ce, "Wato sai da aka kawo goro za ka fito, ko? To barcin ya ƙare?"

Aka ɗaura aure, aka yi addu'a, aka shafa. Na sunkuya na ce, "Baba, mu shiga ka huta." Ya ce in bari tukuna. Tsofaffin abokan aikinsa suka ja kujeru suka kewaye shi, ana ta tuna wane da wane. Da farko da gyaɗa kai yake amsawa, yana kare bakinsa da hankici. Can na ga ya fara jefa kalma ɗaya, biyu. Sha biyu ta yi, aka kawo abinci. Ɗaya ta wuce. Ni ina gefe, rabin zuciyata murna, rabi tana kan hula. Duk sanda ya gyaɗa kai sai in duba ko ta goce.

Sai aka kira azahar.

Wallahi, na lissafa iska, na lissafa masu runguma, har faɗuwar hula garin tashi na lissafa. Ni da nake salla tun ina shekara bakwai, ban lissafa alwala ba.

Alhaji Garba ya ce a shimfiɗa tabarmi a yi jam'i a nan. Na yi wuf na ce, "Baba, mu je ciki ka yi alwala, ya fi sauƙi."

"Kawo buta nan," ya ce.

"Baba, ai a ciki akwai ruwan ɗumi."

"Nan."

Na kawo buta. Na tsuguna ina zuba masa, ina wanke masa inda hannunsa ba ya kaiwa. Hannu, baki, hanci, fuska, damatsa. Ban taɓa ganin alwala tana gudu irin ta ranar ba. Da aka zo shafar kai, ya sa hannu ya cire hular, ya miƙa wa Alhaji Garba ya riƙe masa.

Dattawa wajen goma sha biyu ne a wurin, kuma duk a tsaye suke a kanmu suna jiran buta. Hirar ta ɗauke ɗif. Wani ya yi tari, wani ya kama duban agogonsa. Gefe-gefen nan da na daidaita sun fito tsaf kamar an sa rula, abin da ke tsakiya kuwa ga shi nan a fili, tsirin gaban har ya ƙara miƙewa don zufa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da butar.

Baba bai san abin da ake ciki ba. Ya jiƙa hannu ya ɗora a goshi ya tura baya. Ina kallon yatsunsa: suka ci karo da tsirin, suka faɗa ramin farko, suka fito, suka faɗa na biyu. Sai hannun ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ni.

Alhaji Garba ya kasa daurewa. "Inna lillahi! Alhaji, ɓeraye ne suka kwana a kanka, ko gara ce?"

Babu wanda ya yi dariya. Abin da nake tsoro ke nan tun safe, ba tonon asirina ba: Baba ya ce a mayar da shi ɗaki, ƙofar nan ta sake rufuwa, kuma wannan karon ni ne sila.

Ya miƙo mini hannu. "Wayarka. Inda mutum yake ganin fuskarsa."

Na kunna masa na riƙe a gabansa. Rabonsa da ganin fuskarsa wata biyar. Ya kalli sumar, ya juya hagu, ya juya dama. Sannan idonsa ya sauko kan bakinsa, ya daɗe a nan. Can sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Na zaci kuka ne.

"Garba," ya ce, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, "wata biyar ina ɓoye baki. Ashe bakin da sauƙi."

Ya tuntsire da dariya, da karkataccen bakin nasa, ba hankici ba komai. Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, Alhaji Garba har da zama a ƙasa yana share hawaye. Wani ya tambayi wane wanzami ne. Baba ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ga shi nan. Safiyo ne." Aka sake kwashewa. Ni ina tsugune da buta, kunya ta rufe ni, amma wallahi ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba. Ya ƙarasa alwalarsa, aka sa masa kujera a sahun farko, aka tayar da salla.

Da yamma, bayan mutane sun ragu, na same shi a baranda na durƙusa na ba shi haƙuri.

"Askin na yafe," ya ce. "Ba ka iya ba ne. Amma na tambaye ka, ka ce ya yi kyau." Ya numfasa. "Kowa a gidan nan haka yake mini. Ka yi kyau, Baba. Ka warke, Baba. Na rasa wa zan yarda da shi, shi ya sa na zaci abin ya fi haka muni. Ciwo ne ya same ni, ba yarinta ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ne shugaban masu yi.

Na ɗauka za a kira Malam Sale a sallame ni. Malam Sale ya zo kam washegari, ya kewaya kan sau biyu yana salati, amma Baba ya ce ba aski zai yi ba, koya mini zai yi. Shi ya nuna mini a bar gashi a bushe, a kwantar da mataji a jikin fata, a datse abin da ya hau kansa kawai, kaɗan-kaɗan, daga ƙeya zuwa sama. Yau shekara biyu ke nan ni nake yi wa Baba aski, a baranda, masu wucewa suna gaishe shi, kuma ba yabon kai ba, yanzu Alhaji Garba ma ni yake kawo wa kansa.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in za ka rufa wa kanka asiri da hular wani, ka tuna sau biyar yake salla a rana. Kuma duk lokacin da na ajiye almakashi Baba ya ce, "Yaya?" sai in ja da baya in duba da kyau, in ce, "Gefen hagu ya fi tsawo, Baba." Shi kuma ya gyara zama ya ce, "Madalla. Gyara."