Yadda Na Biya Wa Wani Sani Ibrahim Kuɗin Tiyata

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ɗauko Kawu Bala daga garin Bowie a motata. Kawun matata ne, likita mai ritaya, kuma shi ne babba a ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Amurka. A ranar za a yi taro a Wheaton, kuma Kawu ya riga ya gaya wa mutane ni zai tsayar ma'aji. Na sha shadda, na kafa hula, har turare na fesa wa kujerar mota.

Abin da Kawu bai sani ba, wata uku ke nan wata mata daga wani kamfanin karɓar bashi tana bina da waya. Da safe ta kira, ina ofis a Largo ta kira, ina cin abinci ta kira. Wai Sani Ibrahim, wato ni, asibiti na binsa kuɗi. To ni fa mutumin kirki ne, an yi mini tarbiyya. A gidanmu idan mai bin bashi ya zo, tabarma ake shimfiɗa masa, ba a ce masa ya kawo shaida. Na ce a raina wataƙila ragowar kuɗin haihuwar matata Rabi ne, tunda a ƙasar nan takardun asibiti ba sa ƙarewa. Rabi kuwa ban tambaye ta ba (wane magidanci ne zai je ya ce wa matarsa ana binsa bashi?). Sai na dinga ba wa matar haƙuri, ina cewa ƙarshen wata in sha Allahu. Har sau biyu na tura musu kuɗi a ɓoye. Ni ɗin nan fa, da nake tara sababbin zuwa ina koya musu yadda ake zama a Amurka!

Mun hau babban titi, Kawu a gaba, Rabi a baya, yana ta yabona, wai irin mu masu riƙon amana mun yi ƙaranci. Sai waya ta yi ƙara. Na manta sam a haɗe take da lasifikar mota. Garin rawar jiki na kai hannu zan kashe, ashe ɗauka na yi.

Muryar matar kamfanin ta cika motar nan da Turanci tar-tar. "Sani Ibrahim? Alkawarinka na uku ya wuce. Idan ba ka biya yau ba, zan kira wurin aikinka, kuma ana iya kama ka."

Wallahi gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf. Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri." Da Hausa fa! Har da rusunawa, ina riƙe da sitiyari.

Rabi ta ce, "Innalillahi! Baban Amira, bashin me?"

Kawu bai ko kalle ni ba. Ya gyara tabarau, ya ce wa matar ta faɗi sunan kamfaninta da abin da aka yi a asibitin. Ta ce tiyatar gwiwa.

Ya juyo. "Sani, an taɓa yi maka aiki a gwiwa?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"To gwiwar wa kake biya wa?"

Sai ya koma kan matar a nutse, kamar yana duba mara lafiya. Ya ce doka ta hana ta barazanar kamu na ƙarya, ta hana ta tona bashin mutum a wurin aikinsa, kuma ta aiko da shaidar bashin a rubuce. Ya ce wasiƙa na nan tafe da za ta hana su kira. Matar da ta yi wata uku tana yi mini tsawa sai ga ta tana "to, yallaɓai", ta ajiye waya. Minti biyu kacal. Daga baya ta tabbata wani Sani Ibrahim ne daban (Allah ya ba shi lafiya, yana can yana taka ƙafarsa da gumina).

Har muka isa Wheaton Rabi tana ta tsaki a baya. Da muka tsaya na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, kunya ce ta sa har na tura musu kuɗi sau biyu."

Ya ce, "Na sani. Kai ba macuci ba ne, kuma na yi murna. Amma mutumin da za a kira a waya a daka masa tsawa ya miƙa kuɗi bai tambayi takarda ba, ba zan damƙa masa asusun jama'a ba."

A taron aka zaɓi wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, wadda ko lemo ta saya sai ta karɓi rasit. Ni ma na ɗaga mata hannu, me zan ce? Na ji zafi ƙwarai, don na so kujerar nan har raina.

Yanzu duk wanda ya kira ya ce yana bina, ina gaishe shi da kyau, in tambayi iyali da gajiya, sannan in ce ya aiko a rubuce. Ni kuma a ƙungiya an ba ni muƙamin da ya dace da baiwata. Ni ne mai ba wa baƙi haƙuri idan abinci bai isa ba.