Cikin da Malam Mannir Ya Gano

Duk garin Kaikai babu masani irin Malam Mannir, dillalin taki, wanda majalisa ke kira Sai-Na-Faɗa. Allah Ya hore masa ilimin da ba ya buƙatar karatu. Ko akuya ce ta yi tari, shi zai bayyana dalili.

Da al'adar matarsa Basira ta ɗauke wata da watanni, bai wahalar da kowa da gwaji ba. Ya kalle ta sau ɗaya, ya fita majalisa.

"Namiji ne," in ji shi. "Zainul Abidin. Injiniya zai zama."

Basira ta ce ita ba ta jin komai sai jiri. Ya ce ai manyan mutane ba sa motsi barkatai. Ciki bai fito ba, sai ƙashin wuya. Ya ce yaron kwanciya ya yi a baya, kunya gare shi irin ta ubansa. A haka take daka, take jan ruwa, take dafa wa baƙinsa, da dare kuma ta saurari laccarsa.

Ranar da ta faɗi a bakin murhu, yayarta Adda Kulu ta zo daga Kusada, ta ɗauke ta sai asibitin Kankiya. Gogan ya biyo su cikin babbar riga don karɓar barka.

Likitar ta gama aune-aune ta ce babu ciki. Ta ce al'ada kan ɗauke saboda shayarwa, ko allurar tazarar haihuwa, ko shekaru, ko ciwon maƙoƙo. Na Basira kuwa rama ce, da gajiya, da alamun damuwa.

"Baiwar Allah, me ke damunki a gida?"

Basira ta buɗe baki ke nan, Mannir ya ɗaga hannu.

"Damuwa? A gidana? Mi ta nema ta rasa? Ni ke yi mata tunani. Ni ke faɗa mata in ta ƙoshi. Ko magana ba na bari ta wahala da ita!"

Ya ci gaba har masu jiran layi suka fara leƙowa. Likitar ta rubuta magani, ta miƙa wa Adda Kulu.

"Ta ci abinci sosai, ta huta a wurinki."

"To, likita," in ji Mannir yana gyara hula, "ba ki faɗi sunan ciwon ba."

"Ai yanzu ya gama gabatar da kansa, Malam."

Mannir ya waiga bayansa, yana neman wanda ya shigo.