Rasuwar Tsohuwa a Hannun Surukina Esenbek

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da zargi kuma, ni Toktosun na ƙauyen Kara-Tal nake sanar da rasuwar na'urar yankan ciyawarmu, wadda muke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Talata a gonar yayan matata, Esenbek, ba ni kusa.

Marigayiyar mai tausayi ce. Idan ta yanki alfalfa, harawar da muke nomawa don shanu, sai ta matse karan tsakanin rolarta biyu na roba don ya bushe da wuri, ba ta zubar da ganye ko ɗaya ba, kuma kowa ya san ganyen ne abincin. Tana aiki tana "kir-kir-kir", ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Lafiyarta ƙalau ta bar gida. Esenbek ya zo aro, a garin nan kuwa ba a hana yayan mace abu, ko dokin hawanka ya nema. Sai ya hau da ita tudunsa mai dogayen ciyawa da duwatsu. Makiyaya sun ce sun ji "gwaram!", daga nan shiru. Bakanike Jirgal ya zaro dutse kamar kan rago daga cikinta.

Ban ce wani ya kashe ta ba. Amma tun bara Esenbek ke damuna mu haɗu mu sayi irin mai bulalun ƙarfe, wadda ke dukan kara. Ciyawarsa ba ta da ganye, duka take so. Tawa kuwa in ta sha bulala, tsinke zan kai wa shanu. Kuma wallahi ban taɓa ganin mai ta'aziyya ya zo da hoton sabuwar na'ura a waya ba sai shi. Matata Anarkul ta ce in bar zargi, yayanta ne. To, na bari a baki.

Ta rasu ta bar tarakta ɗaya, da shanun tatsa, da gonar alfalfa da ta fara fure, ga hadari a kan duwatsu. In ba a yanke ta makon nan ba, babu abincin hunturu, shanuna wuƙa za su sha kafin dusar ƙanƙara ta narke.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da sassafe a bakin gonar. Akwai shayi. Kowa ya zo da laujensa a washe. Esenbek, an ware maka layin da ya fi tsawo.