Ranar da Kiyashi Suka Karɓe Mini Aji

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da zan shekara ɗari. Ina koyon koyarwa a wata sakandare a Sandamu, kuma ranar ce Malam Lawal zai zo daga kwalejinmu ta Daura ya duba ni. Makin da zai ba ni shi ne takardata. In na faɗi, sai baɗi.

Maimakon in tsaya kan manhaja, sai rawar kai ta ɗebe ni. Na karanta wani abu da ya hana ni sukuni: a cikin ɓargonmu ake haifar ƙwayoyin B, masu ƙera makaman yaƙi da cuta. Tun suna jarirai kowace ke fito da wani ɗan hannu mai kama da gwafa, da ɗan sukari manne a jikinsa. In sukarin nan bai zauna a gurbinsa ba, hannun ba ya aika saƙo, ƙwayar ta tsaya cak, ba ta ƙara girma. Subhanallahi! Abin da ido ba ya gani, a kansa lafiyar mutum ta rataya.

Sai na sari gwafar darbejiya, na manna mata alewar madara, na naɗe da jarida, na ajiye a sito tun jajiberi (wai ni mai shiri).

A aji na zuba bayani ina hura hanci, sannan na ce, "Ga shi, ku gani da idonku!" Na warware jaridar. Wallahi ko ɗigon alewa babu, sai kiyashi tuli. Kafin in ankara sun bi hannun rigata. Ni da na shigo da takun manyan malamai, sai ga ni ina tsalle ina kakkaɓe hammata, ɗalibai na dariya har da dukan benci.

Malam Lawal ko murmushi bai yi ba. Ya ɗauki gwafar tsirararta, ya ɗaga wa ajin.

"To, sukari ya tafi. Me zai sami ƙwayar?"

Sai suka amsa baki ɗaya, "Ba za ta girma ba, Malam!"

Ashe sun gane!

Na haye, amma da ƙyar. A ƙasan takardar makin ya rubuta, "Darasi ya shiga, sai dai ba kai ka koyar ba." Har yau ina koyarwa, kuma duk ranar da na ji kaina yana kumbura, sai in tuna darasina mafi kyau kiyashi ne suka bayar.