Yadda Shef Lamine Ya Koma Shef Tunkuza

"Ku ba ni kwana huɗu," in ji Shef Lamine, yana bugun ƙirji a ƙofar biro, wato ofishinsa. "In ma'aikatan gidan nan ba su yi farin ciki har sun roƙi a soke masu hutun Lahadi ba, ku sake mini suna."

To, abokina, an sake masa. Bari ka ji yadda aka yi.

Shef Lamine shi ne mai kula da ma'aikata a wata matsar man gyaɗa da ke Tasawa. Mata ashirin ke suya da matsa a tsakar gidan, kuma tun da iskar damina ta kwashe rumfarsu, haka suke yini, wuta a gaba, rana a ƙeya. Uku sun riga sun aje aikin. Madam Salamatu, mai wurin, ta aiko daga Maraɗi cewa ran Alhamis tana tafe, kuma in aka ƙara rasa mace ɗaya, kujerar Shef za ta bi ta. Gogan naka kuwa bai daɗe da dawowa daga seminer, taron horo na kwana uku a Yamai ba, da jaka mai tambari da kai kamar kabewa.

Ran Litinin ya kafa akwatin ƙorafi.

Inna Halimatu, babbar matan, ta ce, "Shef, mu da ba mu yi lakwal ba, ko bihim ba mu sani ba a boko, mi za mu rubuta? Ga mu ga ka, ka tambaye mu mana."

"Inna, a Yamai ba a ƙorafi da baki. Kome sai a akwati."

Da marece ya buɗe, ya tarar da karan gero guda. Ko makaho ya shafa ya san rumfa ake nufi. Sarkin Seminer ya ce, "Ka ga raini, shara suke zuba mini." Ya jefar.

Ran Talata, rana tsaka, ya kawo darasin numfashi. "Ku rufe ido, ku ja iska, ku saki damuwa." Suka rufe ido, gyaɗa kasko biyu ta ƙone, suka ja hayaƙi har cikin hanji. Da tari ya lafa, Inna ta ce, "Shef, damuwar tana nan, majina dai ta fita."

Ran Laraba ya zaɓi Zeinabou gwanar sati, ya manna ƙaton fotonta a bangon da ke kallon hanya. Kafin la'asar labari ya kai Hawandawaki, garin su Zeinabou. Sai ga mijinta bisa moto, yashi har gira.

"Wa ya liƙa mini mata a bango kamar mai neman kujerar depite a zaɓe?"

"Malam, ai karramawa ce."

"Ka karrama taka."

Ya ɓamɓare foton, ya goya matarsa, ya ba moto wuta. Mata suka koma sha shida.

Wani da sai ya saduda, amma ban da Shef. "Gobe zan yi abin da Madam za ta manta da ƙirga kawuna," in ji shi.

Ran Alhamis Madam ta iso, aka aje mata kujera a ɗan inuwar bakin biro. Shef ya sha babbar riga fara ƙal, ya hau ganga, ya yi gyaran murya.

"Madam, wannan shi ne wasan amana. Zan juya baya, in rufe ido, in faɗi. Ma'aikatana za su tare ni, don ni da su tsintsiya ɗaya ne."

Abin da Gwanin Yamai ya manta, can a seminer ƙatti ƴan uwansa ne suka tare shi. Nan kuwa matan aure ne, wace ce za ta rungumi gardin da ba muharraminta ba, a gaban jama'a? Namiji ɗaya da ke wurin shi ne Malam Bello maigadi, kuma shi ne uban matar Shef.

"Ɗaya, biyu, uku."

Mata suka dare gida biyu, kowacce ta ja gyalenta. Malam Bello ya ga mijin ɗiyarsa yana tahowa da baya, kunyar surukuta ta kama shi, ya kau da kai yana gyaran hula. Abin da ya riƙe amana a gidan kaf shi ne babban kwanon tunkuza, ɗanyen ƙullin ƙuli-ƙuli mai naso da mai. Shi ya karɓi Shef, tim, ƙafafu a sama.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ƙirga mata da yatsa, ta ce, "Ina Zeinabou?" Aka gaya mata. Ta juya wajen Inna. "Inna, wai mi kuke so ne?"

"Rumfa, ɗiyata. Sai kuma a je a ba mijin Zeinabou haƙuri."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Nan take Madam ta sa a nemo kara da itace, sannan ta ce Shef ya aje mata makullin biro in ya samu tashi.

Tashin kuwa ya gagara, ƙugu ya riƙe. Yana kwance cikin tunkuza, mai na bin kunnensa, rana ta dafe masa fuska. Ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Inna, don Allah a ja ni inuwa, ranar nan za ta kashe ni."

Inna Halimatu ta duƙa ta dube shi da tausayi.

"Ayya, Shef, ai ba a ƙorafi da baki. Rubuta ka sa a akwati."