Motar da Ta Sha Kunun Gayya

Zamani mai faci ne ya fara ba ni labarin nan, shi da ke zama a gindin mangwaro kan hanyar Gidan Waya, a gabansa aka yi. Milka dai tsohuwa ce mai gonar citta. Ranar ta kira gayya, mutane sun fita tun da sassafe suna yi mata noma, ita kuma ta tsaya Kafanchan ta dama musu kunu ta cika jarka. Ka san gayya, in rana ta take kunu bai iso ba, sai a saɓa fartanya a watse, baɗi ko kuka ka yi ba mai zuwa. Jikanta Gershon ne ya zo ɗaukarta da tsohuwar motarsa.

"Lafiya lau, amaryata. Haƙorin nan naki da ya rage fa, ya tashi lafiya?"

"Ya fi motarka. Shi ba a tura shi da safe. Miji har miji, a gwangwani zai ɗauki mata!"

"Gwangwani? Jiya wani attajiri ya durƙusa in sayar masa, na ce ta amarya ce."

"Kaji zai zuba a ciki."

Gershon ya sa jarkar kunu a but ɗin mota, kusa da tasa ta ruwan lagireto, duka rawaya, ba ka bambanta su. Ba su yi nisa ba mota ta fara tari, tururi ya taso daga bonet, ta mutu daidai wurin Zamani.

"To, ta riga ni," in ji Milka. "Kira fasto."

"Nauyinki ne. Tun da na auro ki tuwo bai taɓa kwana a gidan nan ba."

"Ni da iska ke ɗauka? Ka dai sayi gawa kana kiranta mota."

Baki na wasa, amma idonta na kan rana. Ta tare Yafet ɗan acaɓa, ta buɗe but da kanta, ta jawo jarka ta ɗaura masa, ta ce ya kai gonarta maza. Shi kuwa Gershon ya ɗauki wadda ta rage, ya kau da fuska saboda tururi, ya tuttule ta kaf a lagireto.

Can sai Zamani ya ajiye tayar da yake faci, ya buɗe hanci.

"Wa ke dama kunu a nan?"

Ƙamshin citta da kanumfari ya cika hanya. Lagireto na tafasa, farin kumfa na zuba ƙasa.

"Wayyo kununa! Gershon, ka shayar da gwangwani kunun gayya!"

"Ni? Wa ya aika wa manoma ruwan tsatsa? Tsufa ya cinye idon, Kaka."

"Kai mai sabon ido, ba ka ji kauri ba da kake zubawa?"

"Na ɗauka ruwan Kafanchan ne ya yi albarka."

"To tunda ta sha, a ba ta fartanya. Ba a shan kunun gayya a kwanta a inuwa."

"Ai ba za ta tashi ba. Kununki ne, ko ni in na sha sai na kwanta."

Milka ta ɗaga kai ta dubi rana. Ta zauna a kan taya, ta zuba tagumi tana kallon hanyar gona. Duk abin da za ta ci bana yana cikin cittar nan, ga ciyawa ta kai gwiwa. Gershon ya dube ta, tunda yake bai taɓa zaginta ta yi shiru ba. Sai ya fashe da dariya, ya cire hula.

"Na faɗi, amarya. Laifin maigida ne. Tashi mu je."

Ya ari mashin ɗin Zamani, ya ɗora ta a baya, suka bi ta Gidan Waya ya kwashe kunun masu talla kaf. Da suka isa, manoma sun ɗanɗana ruwan tsatsa, har wasu sun saɓa fartanya. Gershon ya tuɓe riga ya karɓi ɗaya. Nan kowa ya dawo, don ba wanda zai bari a ba shi labarin direba yana noma. Hannunsa ya yi kanta, amma aka gama gonar.

Da yamma Milka ta miƙa masa jarkar ruwan tsatsa.

"Ungo, mijina, ladan noma. Kai ka sha na motar, tunda ta sha naka."

Motar kuwa tana nan gindin mangwaro, tururuwa sun tare a lagireto da iyalansu. Kai mai rubuta labarin nan, in ka ajiye biro, ka je ka gaya wa Gershon, Zamani ya ce ya zo ya janye ta, ta tare masa inuwa.